Babi na Bakwai: Ƴan Kallo da Masu Saye

Duk wanda ya tsaya kusa da mai kasa dankali a kasuwar Dogon Dutsi ta ƙasar Nijar da rani, lokacin da dankalin turawan lambunan garin ya shigo, zai ga ana wani aiki da ba a raɗa masa suna ba. Mai kayan takan kasa shi kashi-kashi, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Mutum ya zo ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya taya, ta ce albarka. Ya miƙe zai wuce, ta kira shi ta ɗora masa biyu gyara, ciniki ya faɗa. Kafin la'asar ta san ko kashin dala hamsin ne ya fi tafiya ko na dala ɗari, ta kuma san wanda ya zo saye da wanda ya zo jin farashi. A fuskar mai saye take karanta wannan duka: inda ya yamutsa goshi, inda ya yi jim, inda ya kai hannu aljihu ya fasa. Ranar da ɗanta ya ɗauki hoton dankalin nan, ko buhun wake, ko turmin atamfa, ya sa a WhatsApp ko Facebook domin mutanen Yamai da Dosso, fuskar nan ce abin da ya fara rasawa. Mutum ɗari uku sun ga hoton, goma sun tambayi kuɗi, biyu sun turo. Ina sauran suka tsaya, me kuma ya mai da su? Waya ba ta faɗa. Dole wani abu ya maye gurbin idon mahaifiyarsa, kuma abin da ya fi cancanta shi ne gwaji mai ƙa'ida, wanda ƙaramin ɗan kasuwa a Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, zai iya yi da littafi da biro, muddin ya san abin da ya kamata ya gwada.

Ma'aunin da masu shagon intanet ke kwana da shi su tashi da shi shi ne kason masu saye a cikin masu leƙowa. In mutum ɗari suka buɗe shafi, uku suka biya, kason uku ne cikin ɗari, sauran casa'in da bakwai ƴan kallo ne. Mai shago yana da hanya biyu ta ƙara ciniki: ko ya zuba kuɗin talla ya jawo ƙarin jama'a, ko ya gyara shafinsa yadda waɗanda suka riga suka zo za su fi saye. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi, domin wanda ya ɗaga kasonsa daga uku zuwa huɗu ya ƙara sulusin cinikinsa ba tare da ya biya tallan dala ɗaya ba. Wuyar aikin ita ce sanin gyaran da ke ci. A nan gwajin da ake kira A da B ya shigo. Akan yi wa shafi fuska biyu, tsohuwa da sabuwa, masu bambanci a abu ɗaya tak. A raba masu zuwa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a nuna wa kowane gida tasa fuskar a lokaci guda, sannan a ƙirga waɗanda suka biya. Sharuɗɗan ke nan: abu ɗaya, lokaci ɗaya, rabo da ƙuri'a. In aka zubar da ɗaya daga ciki, abin da ya rage zato ne da aka sa wa rigar lissafi.

Sharaɗin lokaci shi mutane suka fi rainawa, alhali ɗan Arewa ya fi kowa sanin dalilinsa. A ce mai sayar da atamfa a Tibiri ya canja hoton kayansa a tsakiyar azumi, ciniki ya ninka, ya ce hoton ne. Ina ya bar Salla da ke tafe? A ce wani ya sauya rubutun tallansa a watan takwas, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kowa yana tattalin abin da zai kai shi kaka, ciniki ya faɗi, ya ɗora wa rubutun laifi. Kasuwar wannan yanki tana numfashi ne da damina da kaka, da tafiyar ƴan ci-rani da dawowarsu, da kuma darajar naira a gaban sefa, tunda jihar Kebbi tana nan kusa. Shekarar 2023 ta isa misali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, kuma ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya gwada cinikin watan Yuni da na Satumba a waccan shekara don ya auna kyan shafinsa, rufe iyaka ya auna. Raba masu saye gida biyu a rana ɗaya shi ke maganin wannan, domin tsada da Salla da ɗaukewar wuta duk za su faɗa wa gidajen biyu daidai, bambancin da ya saura kuwa na abin da aka canja ne.

Dabarar ta girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma a gona aka raine ta. A 1919 wani masanin lissafi, Ronald Fisher, ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya tarar da tulin bayanan amfanin gona na shekaru da dama waɗanda ke da wuyar faɗin ko taki ne ya yi aiki, ko ƙasa, ko ruwan sama. Shawarar da ya tsaya a kanta ita ce a yanka fili ƙanana-ƙanana, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba taki, don kada hannun mai gwaji ya karkata zuwa wuri mai dausayi ko da bai sani ba. Wannan hanya ta iso jihar Dosso tun kafin shagunan WhatsApp. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da karatun yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram, tare da masu bincike irin su Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka. Kowane ƙauye ya samu darasin karatu da lissafi iri ɗaya, amma kusan rabinsu, waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu, an ƙara musu koyon amfani da salula. Da aka yi jarrabawa, ƙauyukan salula suka fi a rubutu da lissafi. Da shugabannin aikin ne suka zaɓi ƙauyukan da hannunsu, kowa zai iya cewa masu ƙwazo aka ɗauka tun farko. Ƙuri'a ce ta toshe wannan baki.

Da manyan kamfanonin intanet suka rungumi hanyar, abin da suka fara ganowa bai yi wa ƙwararrunsu daɗi ba. A watan Disamba na 2007, Dan Siroker, wanda ya baro Google ya shiga yaƙin neman zaɓen Barack Obama, ya gwada shafin farko na ɗan takarar da hotuna uku, bidiyo uku da maɓalli iri huɗu, haɗi 24 ke nan, a kan masu ziyara 310,382. Ma'aikatan ofishin sun fi son wani bidiyo. Sakamako ya nuna kowane hoto ya doke kowane bidiyo, kuma hoton Obama da iyalinsa, tare da maɓallin da ke gayyatar mutum ya ƙara sani a maimakon ya yi rajista, ya ɗaga kason masu ba da adireshinsu daga 8.26 zuwa 11.6 cikin ɗari. A 2012 wani ma'aikacin Bing, injin bincike na Microsoft, ya kawo shawarar a tsawaita kanun tallace-tallace. Aka ga abin bai taka kara ya karya ba, aka jingine shi fiye da wata shida. Da wani injiniya ya gwada, kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 12 cikin ɗari, sama da dalar Amurka miliyan 100 a shekara. Ronny Kohavi, wanda ya jagoranci irin waɗannan gwaje-gwaje a Microsoft, ya bayyana cewa kusan sulusin shawarwarin da ake gwadawa ne kawai ke kawo ci gaba, sulusi ba ya canja komai, sulusi kuma ɓarna yake yi. Waɗannan mutane ne da aka ɗauka aiki saboda sanin shafi, amma sau biyu cikin uku hasashensu ba ya kai su gaci.

Akwai wani gwaji na Google da ya fi waɗannan kusa da halin da ake ciki a Matankari ko Kore Mairuwa. An tambayi masu amfani da shafin, suka ce sun fi son a nuna musu sakamakon bincike da yawa a shafi ɗaya. Aka gwada 30 a maimakon 10, sai bincike ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari a gidan da aka bai wa 30. Da aka bi diddigi, aka tarar shafin mai yawa yana ƙara kusan rabin daƙiƙa kafin ya buɗe. Darasi biyu ke nan a faifai ɗaya. Na farko, abin da mutum ya ce yana so da abin da hannunsa zai yi ba lallai su zo ɗaya ba, don haka tambayar abokai ko talla ta yi kyau ba gwaji ba ce. Na biyu, nauyin shafi kuɗi ne. In rabin daƙiƙa ya kori mutanen da ke da intanet mai gudu, yaya wanda sai ya fita bayan gari yake samun layi, yana kuma lissafin megan da ya saya na kwana ɗaya? Bidiyon minti uku da mai shago ke alfahari da shi yana iya zama ƙofar da aka rufe wa rabin masu saye, kuma ba zai taɓa sani ba in bai ajiye shi gefe da gefe da hoto guda mara nauyi ba.

Mai suka zai ce, kuma da gaskiyarsa, Google yana da jama'a miliyoyi, mai shagon Dogon Dutsi kuwa lambobi ɗari huɗu ne a wayarsa. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, domin ƙaramin adadi yana ruɗi. In aka aika wa mutum hamsin fuska ta farko biyar suka saya, aka aika wa wasu hamsin ta biyu takwas suka saya, ba a tabbatar da komai ba, tunda ko fuska ɗaya aka aika wa duka irin wannan tazara tana iya fitowa. Amma lissafin da ya kawo sukar shi ne kuma ya nuna mafita. Yawan mutanen da ake bukata ya danganta da girman bambancin da ake nema. Wanda ke son ya rarrabe kaso 2 da kaso 2.2 cikin ɗari yana bukatar kimanin mutum dubu 80 a kowane gida. Wanda ke son ya rarrabe 10 da 20 cikin ɗari, kimanin ɗari biyu a kowane gida sun ishe shi. Lokacin da Google ya gwada launin shuɗi iri 41 don ya ga wanda aka fi latsawa, yana neman ƙwayar gero ce a cikin rairayi, kuma yana da rariyar da za ta iya. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya kwaikwayi wannan ya ɓata lokacinsa. Nasa rabon shi ne manyan tambayoyi, waɗanda amsarsu kan ninka ciniki ko ta raba shi biyu.

Manyan tambayoyin nan kusan duka a kan amana suke, domin Bahaushe ya daɗe da cewa ba a cinikin biri a sama, saye ta waya kuwa kusan shi ke nan. Mace a Yamai ta ga hoton wake daga Dumega: za ta tura kuɗi ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana ga wanda ba ta taɓa gani ba, ta jira motar da za ta sauke mata buhu a tasha. Shin a nemi kuɗin duka tun farko, ko rabi, sauran in kaya ya iso? Shagon intanet na Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, da biya bayan karɓar kaya ya jawo masu saye da yawa, ko da yake tsarin yana da nasa ciwon, wato kayan da ake mai da su bayan an biya kuɗin mota. Wanne ya fi riba ga mai buhu ashirin, gwaji ne zai faɗa. Shin a rubuta farashi a fili, ko a bar mutum ya tambaya a yi ciniki kamar a rumfa? Shin a rubuta 5.000 F, ko a ce jika biyar kamar yadda baki ya saba? Ga kuma harshe. Yawancin tallan da ake gani da Faransanci ake rubuta shi, a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma wadda ta ayyana Hausa harshen ƙasa a watan Maris na 2025. Rubutun Faransanci, rubutun Hausa, da saƙon murya na daƙiƙa ashirin da mai kaya ya yi sallama ya faɗi sunansa da unguwarsu, abubuwa ne masu nisa da juna ƙwarai, irin nisan da mutum ɗari huɗu za su iya nunawa.

Yadda ake yi ba ya bukatar kwamfuta. Mai shago ya duba lambobin masu sayensa, waɗanda suka ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 su zama gida na farko, sauran su zama na biyu. Lambar ƙarshe ba ta san mai kuɗi da talaka ba, ba ta san dangi da baƙo ba, don haka ta tsaya a matsayin ƙuri'a. Jerin aika saƙo na WhatsApp yana ɗaukar lamba 256, ke nan jeri biyu sun wadatar, sai dai a tuna saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya adana lambar mai aikawa. A aika fuskokin biyu rana ɗaya, sa'a ɗaya. A ja layi a tsakiyar shafin littafi, a rubuta kowane ciniki a ɓangarensa. Tun kafin a fara a yanke ranar tsayawa, misali mako biyu, domin wanda ke leƙa sakamako kullum ya tsaya ranar da fuskar da yake so ta yi gaba, kansa ya yaudara. A ƙirga kuɗin da ya shigo hannu, a bar ƙirga masu cewa ma sha Allah da masu tambaya su ɓace. Akwai kuma matsalar da ta fi damun garin da kowa ya san kowa: saƙo yakan tsallaka daga gida zuwa gida, ƴar'uwa ta tura wa ƴar'uwa. Maganinta tsoho ne. Claude Hopkins, a littafinsa na 1923 kan talla, ya bayyana yadda ake sa wa kowane tallan jarida alamarsa don a san wanda ya kawo mai saye. A nan ma sai a ce wa gida ɗaya ya amsa da kalmar gero, ɗayan da kalmar dawa.

Suka ta biyu daga dattawan kasuwa take fitowa. Za su ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wanda ya shekara talatin a rumfa ba yaro da littafi ne zai koya masa halin mai saye ba. Wasu su ƙara da cewa ciniki rabo ne. Babu mai musun rabo, amma manomin da ya yarda da shi bai fasa zaɓen iri ba, bai kuma fasa lura da gefen gonar da taki ya fi karɓa ba. Game da ido kuwa, sanin dattijo na gaske ne, sai dai a ina ya samo shi? Daga dubban fuskokin da suka tsaya gabansa, kowace tana gyara masa kuskure nan take. Gwaji ne shi ma, wanda aka yi shekara talatin ana yi ba a rubuta ba. A waya wannan makaranta ta rufe, tunda wanda ya fasa saye ba ya sallama, ba ya barin sawu. Gogewa tana nan da babban aikinta, domin ita ke faɗin abin da ya cancanci a gwada. Yaron da bai taɓa zama rumfa ba zai ɓata mako biyu yana gwada launin rubutu. Dattijo ne zai ce masa a gwada ambaton gyara, ko a nuna tiya cike ana aunawa a gaban ido, don ya san inda zuciyar mai saye ke ɗar-ɗar. Nasa ne kawo shawara, na littafi ne yanke hukunci, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Suka ta uku ta shafi halacci: ya dace a yi gwaji a kan mutane ba da saninsu ba? Tarihin kamfanonin su kansu ya nuna inda iyakar take. A watan Satumba na 2000 aka gano Amazon yana nuna wa mutane farashi daban-daban na faifan fim iri ɗaya. Jama'a suka fusata, kamfanin ya ba da haƙuri, ya mayar wa mutum 6,896 rarar kuɗinsu. A 2014 aka ji cewa Facebook ya taɓa sarrafa abin da mutum kusan dubu 689 ke gani don ya auna ko zai taɓa yanayin zuciyarsu, nan ma aka yi ca a kansa. Wani zai ce ai a rumfa ma kowa da farashin da ya taya. Haka ne, amma a can kowa ya san ana ciniki, bakinsa kuma a buɗe yake. Farashin da aka rubuta alkawari ne, kuma ranar da maƙwabta biyu suka haɗa wayoyinsu suka ga an bambanta su, an yi asarar da ribar gwajin ba za ta biya ba. Sauya hoto na gaskiya da wani hoto na gaskiya, ko rubutu da murya, bai cuci kowa ba. Amma rubuta cewa saura buhu biyu alhali sito cike yake, ko ɗaukar hoton manyan dankali a aika ƙanana, algus ne ko da ya ɗaga kaso. Gwaji yana iya nuna cewa ƙarya ta fi saurin sayarwa a mako biyu, shi ya sa littafin kirki ke da layi na uku, na waɗanda suka dawo suka sake saye.

Gwaji ba ya gyara waken da ƙwari suka ci, ba ya sa mota ta iso kan lokaci, ba ya kawo layin waya inda babu. Sau da yawa ma, bayan mako biyu, ɓangarorin littafin za su fito kusan daidai, kamar yadda sulusin gwaje-gwajen Microsoft ke fitowa. Wannan ma amsa ce mai kuɗi: in bidiyon da ake biyan wani ya haɗa bai fi hoton da aka ɗauka a tsakar gida ba, an huta da biyan mai bidiyo, sai a juya ga tambaya ta gaba. Mai kasa dankali ba ta taɓa gama karatun fuska ba, kowace ranar kasuwa tana ƙara wani abu a kan na makon jiya. Ɗanta ma haka zai yi, tambaya ɗaya a kowane zagaye, yau harshe, wata mai zuwa tsarin biya, bayan kaka nauyin hoto. In shekara ta zagayo yana da amsa shida ko bakwai da ya ƙirga da hannunsa, game da mutanen da ke tura masa kuɗi daga Yamai ba su taɓa ganin rumfar ba, waɗanda har mahaifiyarsa ba ta san fuskarsu ba.